Tiya da Gyara

Inna ƴar awo ce. Ta shekara fiye da talatin tana sayar da hatsi a kasuwar Dutsi, wani lokaci ta bi mota ta ci kasuwar Matankari. Tun ban isa shiga lakwal ba nake zama a gefen tabarmarta ina kallon hannunta. In mai saye ya zo, takan cika tiya har ta yi tozo, ta bar ƙwayar da za ta gangaro ta gangaro don kanta, sannan ta juye a buhunsa tana faɗin adadi da ƙarfi yadda zai ji: ɗaya, biyu, uku. In awo ya ƙare, sai ta tsoma hannu a tsibin hatsi ta ɗebo ta ƙara masa. Gyara ke nan. Ban taɓa ganin ta auna gyara ba, ban kuma taɓa ganin ta yi kintacen tiya ba. Wajen canji kuwa, ko dala ɗaya ce ta rage wa mutum a hannunta, ba ta bari ya tashi sai ta aike ni rumfa-rumfa na samo.

A gida ma haka Baba yake. Da kaka, ran da aka kwaso hatsi daga gona, yakan tsaya a bakin rumbu da kansa yana ƙirga dami: tara su shiga, na goma a jingine shi gefe, na zakka ne. Ba a yi masa magana a lokacin nan, don kada lissafi ya kuɓuce masa. Amma da zarar an rufe rumbu, baƙo ya sauka, ko maƙwabciya ta aiko da ƙwarya a tsakiyar damina, abin da yake ce wa Inna kawai shi ne, "Ɗebo musu." Ba ya faɗin nawa, ita ma ba ta tambaya.

Da na yi boko sai na ɗauki wannan hali nasu a kan rashin tsari. A ganina na lokacin, mutum ko dai ya zama mai lissafi a ko'ina, ko ya bar lissafi ya huta. Sai da na haura shekara talatin, na sha kunya sau biyu a wata ɗaya, sannan na gane cewa iyayena suna da ƙa'idar da ni ba ni da ita.

Masu cewa mutanenmu ba su iya lissafi ba, ba su zauna kasuwa ba. Yaron wajenmu da lissafi biyu yake tashi. A aji ana koya masa tamma, wato adadin da aka rubuta a jikin ƙarfe da takarda. A kasuwa kuwa da dala ake magana, kowace dala tamma 5. Abin da aka rubuta wa 100 dala 20 ne, mai 500 dala 100 ne, mai 1000 shi ne jika. Tsohuwar da ba ta taɓa riƙe alli ba takan haɗa kuɗin tiya 17 a ka, ta cire canji, kafin ɗan boko ya lalubo alƙalami. Abin ya daɗe. Matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, da ya sauka Tasawa a farkon 1851, ya ga yadda ƴan kasuwa ke zama su ƙirga wuri dubu ɗaruruwa, biyar-biyar, suna tara su tsibi-tsibi. Iya ƙirga kam mun gada. Abin da ke wuya shi ne mai iya ƙirga ya san inda zai ƙirga da inda zai kau da ido.

A watan Janairun 1994 ina koyarwa a wani ƙauye a kudancin Dallol Mawri, cikin yankin da ya koma ƙarƙashin Tibiri da aka raba shi da Dutsi a 2011. A rediyo muka ji cewa shugabanni sun taru a Dakar an karya darajar sefa: faran ɗaya na Faransa da ke daidai da sefa 50 ya koma sefa 100. Kafin wata ya mutu, magani da sukari da shinkafa, duk abin da ake shigowa da shi daga waje, ya tashi. Albashi kuma a shekarun nan sai a yi watanni ba a gan shi ba. Ina da mata da ƴaƴa uku, ga ƙannena biyu da nake riƙo. Sai na sayi wani ɗan littafi mai shuɗin bango, na yi alkawari duk dalar da ta fita daga aljihuna sai na rubuta ta kafin in kwanta.

Littafin nan ya yi mini rana, ba zan ɓoye ba. Shi ya nuna mini cewa shayi da goron da nake ɗauka ba komai ba suna cin kuɗin cefanen kwana biyar a wata. Shi ya koya mini sayen hatsi da kaka maimakon jiran bazara. Mun fita daga shekarar ba mu sayar da akuya ko ɗaya ba. Sai dai a hankali ya fara shiga inda ba a gayyace shi ba. Almajiri ya yi bara na ba shi dala biyu, sai na rubuta. Na ba uwargida kuɗin lalle, na rubuta. A ƙarshen wata in na haɗa, sadaka da kyauta suna layi ɗaya da kalanzir da sabulu, duk a cikin abin da ya tafi. Na fara jin hannuna yana nauyi kafin ya miƙa, don na san da dare zan gamu da abin a takarda.

Cikin wannan hali Inna ta zo mana kwana biyu. Ran da za ta koma na ba ta takardar dala 100 ta sayi goro a hanya, na juya na ciro littafin. Ni ne ɗan fari, ba ta faɗin sunana. Ta ce, "Kai wannan, mi kake rubutawa?" Na ce abin da na ba ta ne, Inna, don lissafi ya daidaita. Ta kwance haɓar zanenta, ta ciro takardar ta ajiye a kan tabarma. Ta ce, "In bashi ne, faɗa mini ranar biya. In kyauta ce, mi ya kai ta littafi?" Sai da uwargida ta durƙusa ta ba ta haƙuri kafin ta karɓa.

Bayan kamar mako biyu albashi ya fito. Akwai wata Bafulatana da ke kawo mana nono kowace safiya, na dala 15, da sharaɗin sai kuɗi ya zo a biya ta. Da ta zo na miƙa mata jika 2, na ce ai kusan haka ne, a tafi a haka. Ba ta karɓa ba. Ta sauke ƙwaryarta, ta ciro wani ɗan gora, ta zazzage tsakuwa a gabana. Ashe kullum in ta ba mu nono sai ta jefa tsakuwa ɗaya. Muka ƙirga tare, 29. Ta kira ni da laƙabin malaman lakwal ta ce, "Mushe, jika biyu ne da dala talatin da biyar. 'Kusan' ɗin nan naka nonon kwana biyu ne da ƙari."

Na buɗe littafina in duba, ba ta ciki. Ba ta taɓa shiga ba, domin abin da ya fita daga hannuna kaɗai nake rubutawa. Haƙƙin mutane da ke hannuna bai fita ba tukuna, don haka ba shi da layi. Mutumin da ya rubuta dala biyun almajiri, shi ne ya yi wa mai nono kintacen dala 35, kintacen kuma ya karkata wajensa. A daren nan ban rubuta komai ba.

Da aka yi hutu na koma Dutsi. A lokacin muna karatun Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani a zauren wani malami dattijo a unguwarmu, Allah ya jiƙansa. Bayan an tashi na tsaya na ce, "Allah gafarta Malam, addini lissafi yake so ko sakin hannu?" Na ba shi labarin Inna da na mai nono. Ya yi shiru, sannan ya ce hadisi biyu zai ba ni, duka a cikin Buhari, in je in kwana da su.

Na farko labarin Nana A'isha ne. Lokacin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi wafati, abincin da ke ɗakinta ɗan sha'ir ne kaɗan. Ta daɗe tana ci daga cikinsa har abin ya yi tsawo, ran da ta auna shi sai ya ƙare. Na biyu ta hanyar Miƙdam ɗan Ma'adikarib ya zo, inda Annabi ya yi umarni a riƙa auna abinci, ya kuma danganta albarka da aunawar. Ɗaya ya nuna awo ya tafi da albarka, ɗaya ya nuna awo ke kawo ta. Malam ya ƙara mini da na Asma'u ƴar Abubakar, wadda Annabi ya hore ta da ta riƙa bayarwa kada ta ƙididdige, don kada Allah ya ƙididdige mata.

Washegari na ce masa ban iya haɗa su ba. Ya ce malamai sun riga mu tsayawa a wurin. Ibn Hajar, mai sharhin Buhari da ya rayu a Masar ya rasu a 1449, ya kawo bayanin cewa awo a lokacin saye da sayarwa abin nema ne, saboda haƙƙin mutum biyu ya rataya a kansa. Awo a lokacin ciyarwa kuwa sau da yawa rowa ce ke ingiza shi, shi ya sa ba a so. Malam ya dube ni ya ce, "Mushe, tiya ɗaya ce. Abin tambaya shi ne hatsin wa ke cikinta."

Daga ranar na fara karanta babin ciniki da wani ido. Shari'a ba ta hana kintace ba. Da ta hana da kasuwa ta tsaya, domin rabin cinikinmu da ido ake yin sa: kashin tumatir, tsibin rogo, damin raken da ake ɗaukowa daga fadamun kudu, dankalin lambunan Dutsi in an zube shi a ƙasa. Malamanmu na Malikiyya sun halatta sayar da kaya a tsube ba tare da awo ba, amma sun kewaye shi da sharuɗɗa, waɗanda Muhtasar na Shehu Halilu ya jera. Sai an ga kayan da ido. Kada ya yi yawan da ido ba zai iya kama shi ba. Ƙasar da aka zuba shi ta zama shimfiɗaɗɗiya, kada a ɗora tsibi a kan tudu ko a ɓoye rami a ƙarƙashinsa. Mai saye da mai sayarwa su zama duka sun iya kintace, kuma duka ba su san ainihin adadin ba; in ɗaya ya riga ya auna ya yi shiru, cinikin ya gurɓace. Abin da ake iya ƙirgawa ba tare da wahala ba, ba a yin kintacensa. Risala kuma ta fitar da dinari da dirhami da aka buga daga cikin wannan rangwame. Tsibin hatsi ana iya saye da ido, kuɗi kuwa sai an ƙirga.

Da na jera sharuɗɗan nan na ga inda suka dosa. Duk suna tsare abu ɗaya ne: kada jahilcin ya zama na mutum ɗaya, ribar jahilcin ta zama ta ɗayan. Kwana 29 ba su da wuyar ƙirgawa. Ni da nake koya wa yara ninkawa ba ni da uzurin cewa "kusan".

Labarin da ya fi zauna mini shi ne na Haibara. Bayan an ci garin a shekara ta 7 bayan hijira, an bar Yahudawan wurin suna noman dabino a kan rabin amfani. Annabi yakan aiki Abdullahi ɗan Rawaha ya kintaci dabinon tun yana kan itace. Muwaɗɗa ta Imamu Malik ta kawo cewa in ya gama kintace sai a ba su zaɓi: in sun so su riƙe dabinon su biya rabi bisa kintacen, in sun so a bar wa ɓangaren Musulmi dabinon a biya su rabi bisa kintacen nan dai. Sun ma taɓa tara masa kayan adon matansu don ya sassauta, ya ƙi. Wannan shi ne ma'aunin kintace na gaskiya: wanda za ka yarda da shi ko a wane gefe aka tsayar da kai. Da mai nono ce ke riƙe da jika 2 da dala 35 nawa ta ce mini "kusan jika biyu ne", da littafina zan ciro.

Duba inda Alƙur'ani ya sa adadi. Ayar da ta fi kowace tsawo a cikinsa, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take, ƙarami ne ko babba, da ajalinsa da shaidunsa. Gado a Suratun Nisa'i an yanka shi rabi, rubu'i, sumuni, sulusi biyu, sulusi, sudusi, ba a bar wa ɗan fari ya duba da ido ya raba ba. Akwai sura guda, Muɗaffifina, da ta buɗe da narko a kan masu cika mudu in suna karɓa, su tauye in suna bayarwa. Zakkar hatsi ɗaya cikin goma ce in ruwan sama ya shayar, ɗaya cikin ashirin in an sha wahalar ban-ruwa, bayan amfanin ya kai sa'i 300. Ta kuɗi ɗaya cikin arba'in. Zakkar kono sa'i ɗaya ce, mudun Annabi huɗu, a kan kowane rai a gida. Duk inda haƙƙin wani ya shiga, an kafa turke da adadi. Daga bisa turken kuma an bar fili: ba a faɗi iyakar tuwon baƙo ba, ba a faɗi adadin goron uwa ba.

Ayar nan ta 90 a Suratun Nahli da limamai da yawa ke rufe huɗubar Juma'a da ita ta haɗa adalci da kyautatawa a wuri ɗaya, adalci a gaba. Na ji ta sau ɗari kafin in gane cewa abin da hannun Inna ke yi ke nan a kasuwa. Tiya adalci ce, gyara kyautatawa. Gyara ba ta da daraja sai tiya ta cika. Wanda ya tauye tiya sannan ya ɗebo gyara, hatsinka ya ba ka ka yi masa godiya. Mu kanmu haka muke fata gobe ƙiyama. An gaya mana aiki ko daidai da ƙwayar zarra ne za a gan shi, an kuma gaya mana akwai waɗanda za a cika wa lada ba da lissafi ba. Muna tsoron na farko, muna kwaɗayin na biyu, kuma dukansu daga Ubangiji ɗaya suke.

Wani abokin aikina da muka tattauna wannan ya ƙi yarda da ni, kuma maganarsa tana da nauyi. Ya ce sakin hannu na mai rumbu uku ne. Talakan da damina ɗaya ce abincinsa na shekara, in ya ce "ɗebo musu" ba ƙirga, a watan Agusta ƴaƴansa za su ci ganye. Mun ga haka da idonmu a yunwar 1984 da mutane ke kira El Buhari, lokacin da fari ya haɗu da rufe iyakar Najeriya, mun sake gani a 2005 bayan ƙarancin ruwa da fara. Gidajen da ba su san abin da ke rumbunsu ba sun wayi gari ana share ƙasan rumbu tun kafin a yi shuka.

Gaskiya ya faɗa, kuma ita ta gyara mini fahimtata game da Baba. A kakar 1984 na gan shi ya ƙirga daminsa sau biyu, ya raba su a kan watanni, ya ga ba za su kai ba. Tun hatsi bai gama tashi ba ya sayar da tumaki biyu ya ƙara awo, ya tura ƙanena ci-rani. Abin da ke rumbu ai ba nasa ba ne shi kaɗai. Ciyar da iyali haƙƙi ne a wuyansa, haƙƙi kuwa ana ƙirga shi. Annabi Yusufu ma da lissafin shekara bakwai da bakwai ya tsirar da Masar. Aya ta 67 a Suratul Furƙan ta yabi bayin da ke tsayawa tsakanin ɓarna da ƙuntatawa in suna ciyarwa, mutum kuwa ba zai san tsakiya ba in bai san faɗin abin da ke hannunsa ba. Saboda haka "ɗebo musu" ɗin Baba a kan lissafi yake zaune. Ya ƙirga sau ɗaya a bakin rumbu, ƙirga mai kyau, ya san abin da yake na gida da abin da ya yi saura. A cikin sauran nan ne ya saki hannunsa. Ko a shekarar nan ƙwaryar maƙwabta ba ta koma wofi ba, ta dai ragu.

Kintacen gwani ma ɗan lissafi ne. Mahaucin da ya dafa bayan rago ya faɗi naman da zai fita, ya yanka ɗaruruwa kafin idonsa ya zauna. Hannun Inna da ke ɗebo gyara ya auna tiya dubbai, ya san abin da yake ɗauka ko da bai ƙirga ba. Saurayin da bai taɓa zama ya haɗa kuɗin shigarsa da na fitarsa ba, ya ce yana kashewa ne bisa tawakkali, wannan sakaci ne ya sa wa rigar addini. Nakan ce wa ƴaƴana su riƙe littafi na shekara ɗaya ko biyu har idonsu ya koyi nauyin kuɗi. Abin da na yi kuskure a kansa shi ne abin da na zuba a littafin da abin da na bari a waje.

Akwai kuma masu cewa ƙirga tsakanin ƴan'uwa abin kunya ne. Wa ya ranta wa ƙane kuɗin taki, ba rubutu ba shaida, don kada a ce bai yarda da shi ba. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma wanda ba a ƙirga ba shi ne ke ruɓewa. Na zauna a sulhu fiye da ɗaya inda ƴaƴan wa ke cewa jika 80 ne, ƴaƴan ƙane na cewa 50, iyayen kuma duk suna kabari. Mata sun fi mu gane wannan. Kuɗin biki kowace ta san abin da ƙawarta ta kawo mata ran suna, ta san abin da za ta mayar. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, da aka fara a jihar Maraɗi a 1991 suka bazu a ƙasa, a gaban kowa suke ƙirga zubi da rance da ƙarfi, kowace ta ji da kunnenta. Ƙirgar da aka yi a fili ta fi kunyar da ke kai dangi gaban alƙali.

Yau inda "kusan" ya fi cin mutane shi ne wajen canji. Ƙananan ƙarafa sun yi wuya. Yarinya ta sayi abu, dala biyar ta rage, mai tebur ya miƙa mata alawar da ba ta nema ba. A kasuwannin bakin iyaka, inda ake juya naira zuwa sefa, ƴan tsirarun da ba su cika ba sukan faɗa aljihun wanda ya fi iya lissafi. Mai gida ya ce wa ɗan ga-ruwa ko ɗan kabu-kabu, "Ba canji, sai gobe," goben kuma ba ta zuwa. Kowane ɗaya ƙarami ne, amma da yayyafi kogi kan cika, kuma kusan kullum kogin ba wajen mai rauni yake cika ba. Abin da na ɗora wa kaina mai sauƙi ne. In lissafi bai fita cif ba, guntun ya faɗa kaina. In ba hali, in faɗi adadin a fili in nemi a yafe mini, domin mutum ba ya yafe abin da bai san an ci masa ba.

Littafin shuɗin bango ya cika tuni, na sake wasu bayansa. Yanzu abu uku ke shiga: abin da ake bi na, abin da aka ba ni amana, da lissafin rumbu da albashin fansho sau ɗaya a farkon wata. Abin da na ba wani don Allah ko don zumunci ba ya shiga, kuma na lura tun da na daina rubuta shi hannuna ya daina nauyi.

Inna ta rasu da rani, bayan gajeriyar jinya. A wurin jana'iza aka yi shelar da aka saba: duk wanda ke bin mamaciya bashi ya zo ya sami iyalinta. Kwana uku muna zaman makoki ba wanda ya zo da wannan. Waɗanda suka zo da wata magana suka zo. Wani ya ce ita ta riƙe gidansa a shekarar El Buhari, wata ta ce duk ran kasuwa sai ta zuba mata a zane. Na tambayi wasu tiya nawa, ba wanda ya sani.

Da ƙanwata ta buɗe adudun Inna, a ƙarƙashin zannuwa ta tarar da wani ƙyalle a ƙulle. Ƙarfe huɗu ne na dala goma-goma. Ta ce Inna ta gaya mata tun tana kwance: canjin wata mata ce daga wajen Kiyeshe, wadda motarsu ta tashi kafin a samo mata, a kasuwar ƙarshe da Inna ta ci. Ta kwatanta mata ƙauyen da gidan, ta ce kada a bari ya kwana a cikin gado.

Bayan addu'ar bakwai na hau babur na tafi. Kuɗin man da na ƙona ya ninka dala 40 sau da yawa. Na sami matar tana sussuka a bayan gida. Da na faɗa mata ko ni ɗan wace ce da abin da ya kawo ni, ta ajiye taɓarya ta yi salati, ta yi wa Inna addu'a mai tsawo. Sannan ta kwance ƙullin, ta ƙirga ƙarafan ɗaya bayan ɗaya a tafin hannunta, ta ce, "Sun cika." Na tashi zan tafi ta ce in dakata. Ta shiga ɗaki ta fito da gyaɗa cike da hannuwanta biyu, ta zuba mini a aljihun riga, ta ce in kai wa yara.